Injin da Ke Niƙa a Rumfar da Na Kulle

Zuwa ga 'yata Uwani,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah ya tsare miki hanya gaba da baya, ya kai ki jami'a lafiya, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya dawo mana da ke lafiya. Na san za ki yi dariya, ki ce muna gida ɗaya, katanga ɗaya ce tsakanin ɗakina da naku, me ya kawo wasiƙa. To, sunan mahaifiyata gare ki, shi ya sa ban taɓa iya kiran sunanki na yanka ba, kuma akwai maganar da mutum ba ya iya faɗa yana kallon idon uwarsa. Ki yi haƙuri da rubutun, hannun ya fi sabawa da baƙin mai a kan biro.

Ga abin da ya sa na ɗauki takarda. Daga Larabar nan da za ki tafi, ba ni kaɗai ne mai injin niƙa a kasuwarmu ba. Ɗan abin da nake samu zai rabu biyu, guzurin da na ce zan riƙa aiko miki duk wata zai ragu. Ni na jawo haka da hannuna, ba wanda ya tilasta ni. Ina so ki ji dalili daga gare ni, ko da bayan kin ji za ki daina kallona yadda kike kallona yanzu. Wannan ɗin ne ya fi komai ba ni tsoro.

Kin tuna ranar da takardar shigarki ta fito, kika same ni a rumfa bayan la'asar ina share gari? Kika zauna a kan buhu kina ta zuba, bakin nan naki da ba ya gajiya. Kika ce tattalin arzikin masana'antu za ki karanta, za a koya muku yadda kasuwa take tsayuwa, yadda kamfanoni ke gasa da juna, da yadda ɗaya ke yin babakere ya rage shi kaɗai. Sai kika ce, “Kamar kai, Baba. Duk kasuwar nan kai kaɗai ne mai inji. Ba ka shiga aji ba, amma ka riga malamanmu sanin karatun.” Kika yi dariya, ni ma na buɗe haƙora. Sai na juya baya na ci gaba da shara.

Kasuwar Laraba da kika sani, mai rumfuna fiye da mutane, ba haka na same ta ba. Lokacin da kike goye, mutum ba ya ratsa ta sai da kafaɗa. Mu biyu ne masu inji, ni da Malam Ilu, rumfarsa na kallon tawa, ita ce wadda kika taso kika gani da kwaɗo. Ya girme ni da kusan shekara goma, shi ya koya mini ɗaura bel ba tare da ya cinye mini yatsa ba. Injina muryarsa siririya ce, da sauri yake bugawa. Nasa kuwa mai kauri ne, yana bugawa a hankali, in ya yi sau bakwai ko takwas sai ya ɗan yi kamar tari, ya ci gaba. Matan rugage da ƙauyukan da ke kewaye da mu, har can wajen hanyar Dutsi, da kunne suke sanin kasuwa ta ci. Da hantsi mace za ta tsaya a bakin danga ta saurara. In ta ji inji biyu na amsa wa juna, sai ta ɗora geronta a ka ta kamo hanya, don ta san layi ba zai yi tsawo ba, in ɗaya ya lalace ga ɗaya, za ta koma gida kafin la'asar ta ɗora tuwo. Ni a lokacin ban san da wannan ba. Ƙwaryar da ke gaban Malam Ilu kawai nake ƙirgawa da ido, ina jin zafi a raina.

Kuskurena na farko, na karya kuɗin niƙa. Na sayar da shanun huɗa biyu da mahaifina ya bar mini, na zuba kuɗin a tankin inji, na riƙa niƙa tiya a kan abin da ko man da ta ci bai biya ba. Tun daga kaka har bazara haka nake yi. Layina ya kai har gindin tsamiya, mata na ta sa mini albarka, wai Sabo mai tausayin talaka. Ba tausayi a ciki ko kaɗan, jira nake numfashin Malam Ilu ya ƙare. Wata rana ya tsallako, ya zauna a bencina, ya ce, “Sabo, ni da kai wuri ɗaya muke sayen mai. Wannan farashin naka, wa yake ciyarwa?” Na ce masa kowa da dabararsa. Ya gyaɗa kai ya koma.

Don haka, Uwani, in malamanku suka zana muku yadda mai ƙarfi ke sauke farashi ya kori na kusa da shi, ki koyi zanen da kyau, ki ci jarrabawarki. Amma ki ɗaga hannu ki tambaya, me ya sayar a gida don ya iya yin haka, kuma me zai yi wa masu sa masa albarka ranar da ya rage shi kaɗai. Haka nan a zamanki da mutane, duk wanda ya zo miki da araha ko alherin da ya wuce hankali, ki gode masa, ki kuma duba ki ga wa yake son ya faɗi. Ni shanun ubana ne suka tafi, har yau da haya muke yin huɗa.

Malam Ilu bai faɗi da wuri ba, yana da tsofaffin abokan ciniki da suka ƙi barinsa. Sai na yi kuskure na biyu, wanda ya fi na farko muni. Kin san Emeka, mai shagon kayan inji a Daura, wanda ke ba ki biskit in na je da ke. A lokacin shi kaɗai ke kawo irin bel da haƙorin da injunanmu ke ɗauka, wato faifan ƙarfen da ke niƙa hatsin. Na je na kwashe duk wanda ke shagonsa, na ce in sabbi sun zo ni zai fara kira. Ya dube ni ya ce, “Maigida, inji ɗaya gare ka. Bel shida kuma na mene ne, ko miya za ka yi da su?” Na ce shi dai ya karɓi kuɗinsa. Ya karɓa, amma da na juya na ji yana tsaki.

A sana'armu akwai abin da ba a rubuta ba amma kowa ya san shi. In bel ya tsinke wa mai inji ranar kasuwa, maƙwabcinsa na ara masa, ko da ba sa ga maciji, don hatsin mutane ne a cikin injin. Shi kansa Malam Ilu ya ara mini ba sau ɗaya ba. Wata Laraba da hantsi na ji muryar injinsa ta yanke. Can sai ga shi da tsinkakken bel a hannu, gari ya yi masa fari har gira. Ya ce, “Sabo, a taimaka da bel, zuwa Juma'a in shiga Daura.” Na ce, “Ayya Malam, ni ma wanda ke jikin inji ne kaɗai gare ni.” Uku na rataye a ƙusa a bayana. Na ga idonsa ya hau kansu, ya daɗe a can, sannan ya sauko kaina. Bai ce ƙarya nake ba. Cewa ya yi, “To, Allah ya sa haka shi ya fi alheri.” Ya koma ya mayar wa mata hatsinsu ɗaya bayan ɗaya, suka tsallako layina. Ranar Juma'a ya je Daura bai samu bel ba, kin san dalili. Kafin damina ta sauka ya sayar mini da rumfar da injin, ya kwashi iyalinsa ya koma Kongolam yana dakon kaya a bakin iyaka. Ni kuwa ban ko taɓa injin ba. Kwaɗo na sa wa rumfar, don kada wani ya zo ya zauna.

Ga gargaɗina a kan wannan. Na ji ana cewa a jami'a akwai ɗaliban da ke ɓoye littafi a bayan kanta don kada 'yan ajinsu su samu, akwai mai hana aron abin da ya rubuta ga wanda ciwo ya hana shiga aji. Kada in ji, kada in gani. Ki yi gasa iyakar ƙarfinki, ki riga kowa tashi, ki fi kowa naci, in kin zo ta ɗaya mu yanka kaza. Amma ranar da bel ɗin abokiyar karatunki ya tsinke, naki na rataye, ki miƙa mata. Shekara goma sha bakwai ke nan, ban manta yadda idon mutumin nan ya sauko daga ƙusa zuwa fuskata ba.

Na uku shi ne wautar da na yi bayan na rage ni kaɗai. Na mayar da kuɗin niƙa sama da inda yake tun farko. Na daina maimaita niƙa in gari ya fito da tsaki-tsaki. In na ga dama sai rana ta take nake tayar da inji, ina cewa a raina ina za su je. Wata tsohuwa mai kawo nono, Gwaggo Delu, Allah ya ji ƙanta, ita ta faɗa mini a fuska. Ta murza garinta tsakanin yatsu ta ce, “Ɗan nan, wannan ai sai kaji. Da can in mun ji biyu muke fitowa. Yanzu ɗaya muke ji, sai mu ce a bari sai kasuwar Dutsi.” Na yi mata dariya, na ce Gwaggo Dutsi da nisa. Ta ce, “Ƙafa gare mu.”

Gaskiyarta. Matan suka ragu, kuma ashe su ne kasuwar. Mace in ta zo niƙa, a nan za ta sayi gishiri da daddawa da kalanzir, ta yanki nama, ta duba atamfa. Da suka daina zuwa, mai gishiri ya fara tashi. Mahauta suka koma yanka akuya ɗaya, daga baya suka daina. Mai atamfa ya koma Baure. Ba wanda ya yi faɗa da ni, ba wanda ya kai ƙara wurin mai gari, kowa dai ya naɗe tabarmarsa. Na waiwaya na ga ni ne sarkin inji a kasuwar da akuyoyi ke kwana a rumfunanta.

In sun koya muku cewa wanda ya mallake kasuwa shi ke yanka farashi yadda ya so, haka ne, na yi na gani. Sai dai ki ƙara musu da abin da Gwaggo Delu ta koya mini, ko da ba ya cikin littafi. Kuma duk inda Allah ya ɗora ki nan gaba, ofis ne ko kamfani, in kika ji zuciyarki ta ce “ina za su je,” ki tashi ki yi alwala, don daga nan na lalace.

Yanzu ga abin da ko Innarki ban taɓa gaya wa duka ba. Shekara biyu bayan tafiyar Malam Ilu, wata Laraba na kashe inji zan yi sallar azahar. Rana ta take, kasuwa tsit, ko ƙuda ba ya motsi. Ina zuba ruwa a hannu sai na ji inji na bugawa. Mai kauri, a hankali, sau bakwai, sannan tarin nan. Daga rumfar da na kulle yake fitowa. Na tsaya da buta a hannu har ruwan ya ƙare a ƙasa. Na yi ta maza na ɗauko makulli, ina sa shi a kwaɗo ƙarar ta ɗauke. Ciki ba kowa, yanar gizo ta rufe bakin injin, ko bel babu a jikinsa. Na taɓa ƙarfen, sanyi ƙalau. Amma rumfar cike take da ƙamshin gero mai ɗumi, irin wanda ya fito daga inji yanzu-yanzu. Da la'asar wani mai koro shanu daga Kongolam ya tsaya shan ruwa, yake faɗa mana Malam Ilu ya rasu da hantsin ranar, ciwon ƙirji.

Tun daga ranar, duk Laraba in na kashe injina da azahar, sai nasa ya karɓa. Ba ya daɗewa, kamar niƙan tiya ɗaya. Na sha rubutu, na yi sadaka, na sa an yi saukar Alƙur'ani a rumfar. Na tambayi mai shayi ko yana jin wani abu, ya ce me fa. Sai na ce wa kaina kunnena ne, ƙarar inji ta shekara da shekaru ta taɓa shi. Da haka na lallashi raina har ranar da kika biyo Innarki kawo mini abinci, kina 'yar shekara shida. Kina zaune kina wasa da murfin kwano, sai kika ɗaga kai kika ce, “Baba, wa ke niƙa a ɗakin can? Injinsa na tari.” Na daka miki tsawar da ban taɓa yi miki ba, kika fashe da kuka, Innarki ta ɗauke ki tana harara ta. Ban sani ba ko kin tuna. Ni dai ranar ban iya cin abincin ba, kuma daga nan na hana a ƙara kawo ki kasuwa kafin la'asar. Ki yafe mini tsawar nan, tsoro ne ya yi ta.

Malam Ilu ya bar 'ya, Saude, ita ce mai waina a bakin tashar Daura, wadda kika taɓa tambayata me ya sa muke zagayawa ta baya alhali ga hanya. Shekaru ina zagaye matar nan. Da kika ce na riga malamanku sanin karatun, sai na ga abin da zai faru: za ki je ki koyo sunan abin da na yi da Turanci, ki dawo kina alfahari da ni a kansa, wataƙila ma ki yi wa wani. Washegari na sauko da bel ɗaya daga cikin ukun nan, har yanzu suna ƙusarsu, sun bushe sun tsattsage. Na biya shagon Emeka. Kansa ya yi fari yanzu. Ya ce, “Maigida, nawa za ka kwasa yau?” Na ce ɗaya. Ya dube ni, ya dubi tsohon bel ɗin da ke hannuna, ya naɗe mini sabo.

Na samu Saude tana juya waina. Na yi sallama, na durƙusa a gaban 'yar da na girme wa nesa ba kusa ba, na ajiye bel biyu da makullin rumfa a kan bencinta. Ta daɗe tana kallonsu, wainar na ƙonewa. Sannan ta ce, “Baba Sabo, ka daɗe a hanya.” Na ce na daɗe. Ta ce, “Ranar da Baba zai cika, ya ce mana, in Sabo ya kawo bel ɗin a karɓa, kada a tambaye shi komai. Ni ban gane ba a lokacin, Inna ce ta yi mini bayani.” Ta share ido da gefen mayafi, ta zuba mini waina uku a takarda. Uwani, na yi kuka a tasha, gaban 'yan kamasho.

Mijinta Lawal bakanike ne, shi zai riƙe injin. Ranar Lahadi ya zo da kayan aikinsa, yana cewa inji mai shekara goma sha bakwai a ajiye sai an kwance shi kaf, wataƙila ma ya zama na 'yan gwangwani. Ya shiga, ni na tsaya a waje. Can ya leƙo yana goge hannu ya ce, “Baba, ashe kana kula da shi. Wa ke juya maka shi? Ko tsatsa babu a ciki, kamar makon jiya aka kashe shi.” Na ce masa Allah ne ya kiyaye. Me zan ce?

Larabar da ta wuce, bayan na kai bel ɗin, na kashe injina da azahar na tsaya ina jira kamar kullum. Ban ji komai ba. Na daɗe tsaye da buta, sai kukan kurciya a kan tsamiya. Ban sani ba ko an sallame ni ne, ko jira ake a ga abin da zan yi. Ban kuma sani ba ko matan za su dawo, yawancin masu saurare a bakin danga sun tsufa ko sun rasu, 'ya'yansu kuma babur suke hawa zuwa Dutsi. Wataƙila na raba ɗan abin da ke hannuna ne a banza, ke kuma ki sha gari da ƙuli a makaranta saboda laifin da aka yi kina goye. In kin ji haushina, kina da gaskiya. Abin da nake roƙo dai, kada ki ƙara kwatanta ni da gwanin kasuwa a gaban kowa. In malaminku ya nemi misali, ki ba shi labarin nan yadda yake, ki sakaya sunana in kin ji kunya.

Sauran kuma kin sani. Ki riƙe salla a kan lokaci, ki ci abinci kafin ki shiga aji don na san halinki, ki rage surutu a gaban wanda ba ki sani ba, ki riƙa kiran Innarki ko ba ki da abin faɗa.

Motarku za ta tashi da hantsi ranar Laraba, daidai lokacin da ni da Lawal za mu tayar da injuna, shi ya sa ba zan raka ki bakin hanya ba. In kun zo wucewa ta gefen kasuwa, ki roƙi direba ya rage gudu, ki sauke gilashi ki saurara. Kunnenki ya fi nawa, kin nuna haka tun kina 'yar shekara shida. In biyu kika ji, ki yi hamdala, ki kira ni in kin sauka ki faɗa mini. In kuwa uku kika ji, kada ki faɗa mini. Ki karanta wa Malam Ilu Ƙulhuwallahu, ki roƙa wa ubanki gafara, ki wuce karatunki.

Allah ya kiyaye ki daga sharrin hanya da sharrin mutum da na abin da ido ba ya gani. Allah ya ba ki ilimi mai amfani, ya hana ki cutar da kowa da shi. Allah ya yi miki albarka, ya sa ki gama lafiya muna raye. Amin.

Wassalam.

Mahaifinki,
Sabo mai inji